Ruwan lagireto: yaushe ake canza shi, kuma yaushe ake wanke cikin injin gaba ɗaya

Kwanaki na kai motata gareji, 'yar Kwatano ce da na saya shekara uku da suka wuce, ba wani abu ya kai ni ba illa allurar zafi da na ga ta fara ɗan haurawa sama da rabi duk sanda na shiga cunkoso da esi a kunne. Bakaniken ya bari ta huce tukuna, ya sa tsumma ya murɗe murfin lagireto, ya tsoma yatsa ya ɗago ya nuna min. Abin da ya biyo yatsan nan kamar shayin da aka manta a kofi tun jiya, ja ba ja ba baƙi ba baƙi ba, ga wata laka ta daskare a bayan murfin. Ya ce "Alhaji yaushe rabonka da canza ruwan nan?" Na ce wane canji kuma maigida, ai ina ƙara mata duk sanda ya ragu. Ya yi dariya ya ce ƙari daban canji daban.

Gaskiya na ji kunya, don ni mutum ne da ba na wasa da juyen baƙin mai, kwanan wata ma nake rubutawa. Amma ruwan lagireto ban taɓa sa shi a lissafi ba, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Yawancinmu in ya ragu sai a fasa fiya wata biyu a zuba, ko yaron gareji ya ɗebo a bokitin wanke hannu, shi kenan an wuce wurin.

Akwai maganar da za ka ji a bakin direbobi da ma wasu kanikawa, wai kulant na ƙasashen ƙanƙara ne, mu nan da rana ke dafa ƙwai me za mu yi da maganin daskarewa. Maganar fa ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa take da wuyar kashewa. Kulant haɗi ne na ruwa da wani sinadari mai suna ethylene glycol, galibi rabi da rabi, kuma wannan haɗin ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Toh ko a Jos cikin tsakiyar hunturu wa ya taɓa ganin haka. Ƙari ma, ruwa zalla ya fi haɗin iya kwasar zafi daga jikin inji, wannan gaskiya ce ta kimiyya ba ta gareji kawai ba. Kenan wanda ya ce maka ya shekara yana zuba ruwa kuma motarsa ba ta taɓa obahitin ba, ba lallai ƙarya yake ba.

Inda maganar ta karkace shi ne an ɗauka aikin kulant guda ɗaya ne. Na biyu shi ne ɗaga ma'aunin tafasa. Ruwa na tafasa a digiri 100, haɗin rabi da rabi kuwa sai wajen 107. Ba wani bambanci mai yawa ba ne in ka duba, babban aikin ma murfin lagireto ne ke yin sa, leƙa samansa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wannan matsin da yake riƙewa ne, kuma da shi haɗin ke iya kaiwa sama da digiri 120 bai tafasa ba. Inji yana aiki ne tsakanin 85 zuwa 100 da 'yan kai, ka ga tazarar da ke tsakaninka da tafasa ba ta da faɗi, balle a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri da zafin gari kansa ke haura 40, ka tsaya cak a cunkoso iska ba ta bugun lagireto sai abin da fanka ta jawo. Murfin da robarsa ta mutu kaɗai ya isa ya sa mota tafasa, kuma shi ne abu mafi arha a duk layin, amma shi ake mantawa.

Aiki na uku shi ne ainihin dalilin da ya sa ake canza kulant, wato hana tsatsa. A cikin hanyar ruwan nan akwai ƙarafa iri-iri suna zaune tare, kan silinda na alminiyam, bulok na ƙarfe ko alminiyam, fuka-fukan famfon ruwa, tamostat mai buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, 'yar ƙaramar lagireton hita da ke ɓoye bayan dashbod. Ƙarafa mabambanta in suna jiƙe a ruwa ɗaya mai zafi, ɗaya na cin ɗaya a hankali, kamar yadda batir ke aiki. Sai masu yin kulant suka zuba wasu sinadarai kaɗan da ke shafe jikin ƙarfen daga ciki su kare shi, su kuma hana ruwan yin tsami. Waɗannan 'yan sinadaran su ne ke ƙarewa. Shi glycol ɗin kansa yana daɗewa, amma da zafi da iska yana rikiɗewa a hankali ya zama asid, in masu kashe tsamin sun ƙare sai ruwan da aka sa don ya kare inji ya koma shi ke cin sa. Kuma abin haushin, kalar tana iya zama tas da kyanta alhali maganin ciki ya mutu.

Zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna lagireto na tagulla ne, ramukansa manya, in ya huje ka kai wa mai walda ya like maka ka ci gaba da tafiya. Ina ga daga can muka gaji wannan sakacin. Motocin yanzu lagiretonsu alminiyam ne siriri da kai na roba, hanyoyin cikinsa ƙanana ƙwarai, ɗan datti kaɗan ya toshe layi biyar ko goma ba ka sani ba.

Ga kuma ruwan namu. Duk wanda ke dafa shayi da ruwan bohal ko na rijiya ya leƙa gindin butarsa, zai ga wani farin ɓawo ya kama, ka kankare da cokali ya dawo. Wannan ma'adinan da ke cikin ruwan ne zafi ke fitar da su. Abin da ke faruwa a butar shi ke faruwa a cikin kan silinda, sai dai can ba cokalin da zai shiga. Ɓawon nan yana zama kamar bargo tsakanin ƙarfe mai zafi da ruwan da ya kamata ya sanyaya shi. Kuma akwai wani abu da ya ƙara tsananta mana, kulant ɗin motocin Japan irin su Toyota da Honda yana amfani da sinadarin phosphate wajen kariya, shi kuwa phosphate in ya haɗu da ruwa mai yawan ma'adinai sai ya dunƙule ya kwanta. Don haka ne ma kamfanonin Turai suka guje shi, saboda ruwan famfon wurare da yawa a can irin mai ɓawon ne. Mu kuma motocin Japan ne suka fi yawa a titinmu, ruwan bohal ne a jarkarmu, ka ga an haɗa abin da bai kamata a haɗa ba.

Toh yaushe ake canzawa? Ya danganta da abin da ke ciki. Tsohon samfurin nan kore da aka saba da shi tun da, shekara 2 ne ko wajen kilomita 48,000, wanda ya riga zuwa. Sababbin kuma masu dogon kwana sun wuce haka nesa. Dex-Cool na motocin General Motors, mai ruwan lemo, wanda ya fito tsakiyar shekarun 1990, shekara 5 aka ce ko mil 150,000. Na Toyota mai ruwan hoda da suke kira Super Long Life, canjin farko sai kilomita 160,000 ko shekara 10, daga nan kuma duk kilomita 80,000 ko shekara 5. Shuɗin nan na Honda ma kusan haka yake, shekara 10 a karon farko, sannan 5. Lura da cewa zagaye na biyu rabin na farko ne, saboda na farko a sabon inji aka zuba shi a masana'anta, babu ɗigon datti.

Sai dai lambobin nan an rubuta su ne don motar da aka san tarihinta, wadda ba a taɓa surka mata komai ba. Mu nawa ne ke tuƙa irin wannan? Tokumbo ta zo maka tana da shekara 12 ko 15, wa'adin farkon nan na shekara 10 ya wuce tun tana can. Mita kuma in 'yar Amurka ce da mil take ƙirga ba kilomita ba, mil 100,000 shi ne kilomita 160,000, mutane da yawa ba sa lura, wannan ma in ba a mayar da mitar baya ba kenan, abin da kowa ya san ana yi. Sannan daga tashar jirgin ruwa zuwa hannun dila zuwa hannunka Allah kaɗai Ya san wa ya zuba me. Ni dai ra'ayina, ranar da ka sayi mota ta hannu, lokacin da za ka yi mata juyen farko, a zubar da ruwan lagireto ma a sa wanda ka sani, daga ranar lissafinka ya fara. In ka samu na asali mai dogon kwana kuma ba ka surka shi ba, shekara 4 zuwa 5 ba matsala. In na kasuwa ne da ba ka da tabbas a kansa, kar ka wuce shekara 2. In kuwa tiyo ya taɓa fashe maka a hanya ka cika da ruwan da ka samu, wanda ba laifi ba ne, gara ruwan rijiya da inji ya ƙone, to wannan lissafin ya rushe, kana isa gida ka gyara yoyon ka canza. Haka in za a canza famfon ruwa ko lagireto, tunda dole ruwan ya fita, kar ka yarda a tare tsohon a bokiti a mayar da shi cikin sabon kaya.

Shekara ta fi mita muhimmanci ga mai ƙaramar tafiya. Hajiya da motarta daga gida sai makaranta sai kasuwa, ba za ta yi kilomita 80,000 ba ko a shekara takwas, amma sinadaran suna tsufa ko mota na ajiye.

Maganar kala kuma, dan Allah a daina sayen kulant da ido. Rini ne kawai, kowane kamfani da wanda ya ga dama. Akwai kore tsohon samfuri akwai kore sabo, ja na Toyota daban, ja ko hoda na Volkswagen da ake kira G12 daban. Ka je Kofar Ruwa ko Panteka ko Apo ka ce a ba ka kulant, tambayar farko "ja ko kore?" alhali abin dubawa shi ne rubutun bayan galan da kuma abin da littafin motarka ya ce. Haɗa samfuri biyu ba kullum yake jawo bala'i nan take ba kamar yadda ake tsoratarwa, abin da ya fi faruwa shi ne mai dogon kwanan ya koma mai gajeren kwana, wani lokaci kuma su yi laka. A bayan galan ɗin nemi abu biyu, an rubuta ethylene glycol, sannan tsantsa ne da sai an surka ko an riga an surka shi. Mai tsantsa in ka zuba shi haka nan ba ruwa, kana ganin gata ka yi wa mota, zafi za ta ƙara yi don shi kaɗai ba ya kwasar zafi sosai. Wanda aka surka kuma in ka ƙara masa ruwa ka kashe shi. In kana zargin ruwa ne kawai aka rina aka sayar maka, zuba kaɗan a 'yar kwalba ka rufe tam ka sa a firiza, in wuta ta zauna kenan, haɗin rabi da rabi na gaske ba zai zama ƙanƙara ba a firizar gida. Amma ka rubuta a jikin kwalbar ka ɗaure a leda, ka faɗa wa mutanen gida, kar wani yaro ya zata zoɓo ne.

Ruwan surki kuwa tataccen ruwa ake so, irin wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbatar marar asid aka ba ka, don in ka ce "ruwan batir" kawai wani mai shago na asid ɗin zai miƙo maka.

Yanzu bambancin zubarwa da wankewa, wanda nan ne ake yawan cutar mutane ko su cuci kansu. Ƙaramar mota tana cin wajen lita 5 zuwa 7. In aka kwance 'yar makunnin da ke gindin lagireto, abin da zai fito kusan rabi ne ko sama kaɗan, sauran yana nan kwance a cikin bulok da hita. Idan ruwan da ya fito garau yake, wa'adinsa ne kawai ya cika, zubarwa a cika da sabo irin sa ya wadatar, ba sai an yi wani wanki ba. Idan kuwa irin nawa ne mai kalar shayi, ko akwai laka, ko ba ka san me ke ciki ba kuma za ka sauya samfuri, to wanki ya kama. Ana zubarwa, a cika da ruwa mai tsabta, a tayar da inji da hita a kunne har ya yi zafi tamostat ta buɗe ruwan ya zaga ko'ina, a kashe a bari ya huce, a sake zubarwa. Haka za a yi ta maimaitawa har abin da ke fita ya zama fari. Tawa sai da aka yi zagaye huɗu, tun hantsi har bayan la'asar, don jiran hucewar ne ke cin lokaci, kuma wanda ya ce maka ya wanke a minti ashirin lagireto kawai ya ɗauraye. A bar zagaye na ƙarshe ya zama da tataccen ruwa, tunda shi ne zai saura a ciki.

Wannan saurar kuma tana da lissafi. Tunda ruwa zalla ya rage a bulok, in ka cika da wanda aka riga aka surka, haɗinka zai fito tsarara. Ko dai a yi amfani da mai tsantsa, a zuba rabin adadin da motar ke ci sannan a cike da ruwa, ko kuma a kwance noti na jikin bulok, in motar tana da shi, ruwan ya tsiyaye sosai. Na Toyota mai ruwan hoda galibi a surke yake zuwa, irin wannan dole sai ta hanya ta biyu.

Maganin wanki da ake sayarwa a kwalba yana aiki, amma a tsohuwar mota ka shirya ranka. Sau da yawa za ka ji an ce "lafiya lau take, ana wanke ta ta fara yoyo". Ba wankin ne ya huda ta ba, ramin yana nan tun da, tsatsa ce ta toshe shi. Kuma lagireton da ya riga ya toshe da ɓawo, wanki ba ya buɗe shi, sai a sauke a duba ko a canza. Su omo da ƙwai da garin barkono da ake zubawa wai don wanki ko like yoyo, ban ma san ta ina zan fara ba, hita ce ke fara mutuwa, mu kuma da yake ba ma kunna ta sai hunturu ba ma ganewa.

Bayan an cika, saura fitar da iska. Iskar da ta maƙale a kan silinda tana iya sa mota obahitin da sabon kulant a cikinta, ka dawo kana zagin mai shago. A bar injin yana aiki murfi a buɗe, hita a ƙure, ana matsa tiyon sama ana ƙarawa har kumfa ta daina fitowa fanka ta tashi ta tsaya, sannan a rufe. Washegari da safe kafin ka tayar, duba 'yar robar ruwan gefe ka cike zuwa layinta. Kuma ba a buɗe murfi inji na zafi, ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana buɗewa zai tafasa a take ya yi tsalle zuwa fuska, kanikawa da yawa suna da tabon wannan a hannu.

Bakanikena ya so ya cire min tamostat ya haɗa fanka dairek, wai haka ake yi wa duk motar da ta shigo ƙasar zafi. Na ce a'a maigida bar min ita. Tamostat ce ke sa inji ya kai zafin aikinsa ya tsaya a nan, a yawancin motocin Japan tana fara buɗewa wajen digiri 80 da ɗoriya, in babu ita inji zai daɗe yana sanyi, kwamfutar motar ta yi ta ƙara fetur, ga tsadarsa yanzu. In ta lalace sabuwa ake sawa. Cire ta rufa-rufa ce, allura ta sauka amma toshewar da ta jawo zafin tana nan.

Akwai kuma halin da canza ruwa ba zai yi maka komai ba. In ka ga mai yana yawo a saman ruwan lagireto, ko bayan murfin baƙin mai ya yi kamar madara, ko salansa na fitar da farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi bayan inji ya yi zafi, ko ruwa na raguwa kullum ba ka ga inda yake ɗiga ba, ko kumfa ta ƙi daina tasowa, wannan zancen gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da bulok, ko shi kan silindan kansa. A motar otomatik kuma man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce, in ya huje su cakuɗe ka rasa giya gaba ɗaya. Nan kuɗin kulant asara ne sai an gyara tushen. Sannan kar a manta da waje, ƙurar hunturu da ƙwari da leda suna toshe fuskar lagireto da ta kwandensar esi, wani lokaci ruwa kawai za a fesa a hankali allura ta koma mazauninta.

Da aka gama tawa, yaron gareji ya ɗauki bahon farko zai sheƙa a kwata, ga awaki biyu suna kiwo a bakin wurin. Na tsayar da shi. Ethylene glycol zaƙi gare shi, dabba tana lasa, yaro ma zai iya sha, kuma ƙoda yake kashewa, ba sai da yawa ba. Muka juye a tsohuwar jarkar baƙin mai muka rufe aka ajiye tare da mataccen mai, ya zuba yashi a inda ya ɗiga. Na karɓi alƙalamin maka a hannun mai fenti na rubuta wata da shekara da sunan kulant ɗin a cikin bonet daga gefen dama, sauran lita ɗaya da ta rage kuma tana but, a ɗaure cikin leda.